Baleta, Birnin Da Ake Kallo Da Ƙafa

A zamanin nan akwai waɗansu manyan jiragen ruwa da ba su ɗaukar kayan ciniki. Aikinsu kawai su yi ta zagawa da mutane daga wannan tasha zuwa waccan, mako ɗaya ko biyu. Da dare ana tafiya, da safe jirgi ya tsaya a bakin wani birni, fasinjoji su sauka su yi kallo, da yamma su komo. Da yawa daga cikin masu irin wannan tafiya dattawa ne da suka huta da aiki.

To, in jirgi ya tsaya, dattawan nan sukan kasu biyu. Waɗansu sukan ji tsoron gajiya su zauna a jirgi, ko su shiga babbar mota su ga gari ta taga. Waɗansu kuwa sukan manta da shekarunsu, su nemi ganin kome a yini ɗaya, kafin azahar gwiwa ta ƙi. Dukansu biyu sun yi hasara. Akwai hanyar da dattijo zai taka birni da ƙafarsa, ya ga abin da ya kamata, ya komo jirgi lafiya. Bari mu ɗauki Baleta, babban birnin tsibirin Malta, mu ga yadda ake yi.

Inda Birnin Yake

Malta tana tsakiyar Bahar Rum, wajen kilomita 90 kudu da tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. In ka miƙe kudu daga can, Libiya za ka tarar. Turawa suna rubuta sunan birnin Valletta. An gina shi a kan wani dogon tudun dutse da ya kutsa cikin teku, ruwa dama da hagu. Tsawonsa wajen kilomita ɗaya ne, faɗinsa bai kai haka ba.

Sai ka riƙe siffar tudun nan a ranka, gama ita ce mabuɗin tafiyar duka. Birnin kamar bayan raƙumi yake. Babban titi ya bi ta kan tozon, ƙananan tituna kuma suka gangara gefe da gefe zuwa ruwa, da yawansu matakala ne zalla. Jirgi yana tsayawa can ƙasa a gindin ganuwa. Saboda haka dabarar ita ce ka bar na'ura ta kai ka sama, sa'an nan ka yi ta gangarowa da ƙafa a hankali.

Da Sassafe

Kada barci ya hana ka ganin shigar jirgi cikin tashar. Ka fito da wuri ka tsaya a sarari, za ka ga ganuwa da kagara na farin dutse sun kewaye ka, hasken rana ya mai da su kamar zuma. Inda ake sauka akwai jerin tsofaffin ɗakunan ajiya 19 da aka gina a 1752. Ƙofofinsu launi dabam dabam ne, ana cewa a dā launin ƙofa shi ke nuna abin da ke ciki: shuɗi na kifi, rawaya na alkama, ja na ruwan inabi.

Daga nan ka bi bakin ruwa, tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka lura da motoci fa, gama a Malta hannun hagu suke bi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Ka fara duban dama kafin ka ƙetare. Za ka iso gindin na'urar ɗaga mutane, wato lif, ta Barakka. Tsayinta mita 58, kusan bene mai hawa ashirin ke nan. An buɗe ta a 2012, a wurin wata tsohuwa da ta yi aiki daga 1905 zuwa 1973. Kafin rabin minti ka kai sama. Akwai matakala a gefe, amma ka bar wa samari.

Lif ɗin zai sauke ka a lambun Barakka na Sama. Ka zauna a benci ka dubi tashar duka, da jirginka can ƙasa, da garuruwa uku da ke hayi. Ƙarƙashin lambun akwai jerin igwa. Akan harba ɗaya da ƙarfe 12 na rana, al'adar da a dā take taimakon matuƙan jirage su daidaita agogonsu. Kai ma ka mai da ita agogonka. In ka ji ƙararta, ka san rabin yini ya wuce.

Tsohon Da Ya Kafa Birnin

Ya kamata kowane dattijo ya san labarin wanda birnin ke ɗauke da sunansa. A 1530 aka ba da Malta ga wata ƙungiya da ake kira Baraden Yohanna Mai Baftisma. Asalin aikinsu jiyyar marasa lafiya ne a Urushalima, daga baya suka zama mayaƙa. A 1565 rundunar Turkawa ta kewaye tsibirin, tun daga watan Mayu har Satumba. Shugaban baraden, Jan da Balet, yana da shekara wajen 70 a lokacin. Da kansa ya shiga faɗa, har ya ji rauni a ƙafa. Da Turkawa suka janye, sai ya aza harsashin sabon birni ran 28 ga Maris, 1566. Ya rasu a 1568, bai ga ƙarshen ginin ba. Ya shuka abin da waɗansu za su girbe.

Kabarinsa yana ƙarƙashin babbar majami'ar Yohanna, tafiyar minti kaɗan daga lambun, kuma ba hawa. Daga waje ba ta da wani ado, amma ciki ido ba ya ƙoshi. Daɓen duka kaburburan barade ne, kusan 400, kowanne an rufe shi da dutse mai sheƙi, launi iri iri. A wani ɗaki akwai babban zanen da Karabajo, mutumin Italiya, ya yi a 1608, yana nuna yadda aka fille kan Yohanna a kurkuku. Shi kaɗai ne zanen da ya sa wa hannu. Ka je da wuri kafin layi ya yi tsawo, gama tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya gajiyar da tsoho. Ana so a rufe kafaɗa, ba a kuma yarda da takalmi mai tsinin dunduniya ba. Ran Lahadi ba a buɗe ta ga masu kallo.

Sawun Bulus

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya riga ya san tsibirin nan. Shi ne Malita na Ayyukan Manzanni sura 28, inda jirgin da ke kai Manzo Bulus Roma ya farfashe, wajen shekara ta 60. Mutum 276 ke ciki, ba ko ɗaya da ya hallaka. Mutanen tsibirin suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi, suka kuwa zauna wata uku. Har yau ran 10 ga Fabrairu hutu ne a ƙasar domin tunawa da wannan. Gaɓar da ake cewa a nan abin ya faru tana arewacin tsibirin, amma a cikin Baleta akwai majami'ar da aka sa wa sunan Faɗuwar Jirgin Bulus, tituna biyu daga babban titi.

A nan za ka fara gamuwa da matakala. Matakan gajeru ne masu faɗi. Mutanen gari sukan ce an yi su haka domin barade masu nauyin sulke su iya hawa. Ko ma mene ne dalilin, sun dace da gwiwar tsoho. Sai dai dutsen ya goge da yawan takawa, yana da santsi, balle in an yi yayyafi. Takalmi mai ƙasan roba da sanda a hannu sun fi kowane ado amfani.

Hutun Rana

In igwa ta tashi, ka nemi inuwa ka zauna. Ka ɗanɗana fastizi, wani ɗan gashin fulawa mai ɓawo ɓawo da ake cusa wa cuku ko wake, ba shi da tsada. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan wuce awo 30, farin dutsen kuma yana mai da hasken rana cikin ido. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗin tafiya.

Kana zaune, ka kasa kunne ga maganar mutane. Suna jin Turanci, gama Ingilishi sun mallake su daga 1800 har suka sami mulkin kai a 1964. Amma harshensu na gida daga Larabci ya fito, tun zuwan Larabawa a shekara ta 870. Bahaushe zai tsinci kalmomi. Alhamis suna ce mata Hamis, Asabar kuwa Sibt, Lahadi Hadd. Mafi yawansu Kirista ne, kuma Alla suke kiran Mahalicci.

Gangara Zuwa Ruwa

Bayan ka huta, ka bi Titin 'Yan Kasuwa ka gangara zuwa ƙarshen tudun. A nan asibitin baraden yake, wanda aka fara ginawa a 1574. Babban ɗakin majiyyata tsawonsa mita 155, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. A kwanonin azurfa ake ba marasa lafiya abinci. Kusa da shi ga kagarar Elmo, wadda ta tsaya wa Turkawa kusan wata guda kafin ta faɗi ran 23 ga Yuni, 1565. A gidan kayan tarihi da ke ciki akwai lambar yabo da Sarki Joji na Shida na Ingila ya ba mutanen Malta duka a 1942, saboda jimirin da suka yi da ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Hotonta yana jikin tutar ƙasar.

Kada ka koma ta inda ka fito, gama hawa ne. Ka bi gefen tashar, ka ɗan huta a lambun Barakka na Ƙasa, daga nan hanya za ta gangara da kai bakin ruwa, ta kai ka gindin lif. In da sauran ƙarfi da lokaci, a nan ake shiga ƙananan kwale-kwale masu fenti zuwa Birgu, inda baraden suka fara zama. Ƙetarawar minti kaɗan ce. Wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi ya shiga babban jirgin fito, gama kwale-kwale yana rawa wajen shiga da fita.

Abin Da Za A Kiyaye

Jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo don kansa. Kafin ka sauka ka rubuta lokacin komowa a takarda, ka daidaita agogonka da na jirgi, ka kuma yi niyyar isowa awa guda kafin lokacin. Maganin da kake sha ya kasance a aljihunka tare da katin jirgi. Ku fita biyu biyu, mai sauri ya bi takun mai nawa. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nemi shawarar likita tun a gida. Tun saura wata biyu kuma ka fara taka rabin awa kowace safiya da takalmin da za ka tafi da shi.

Tsohon birnin Madina, da kogon da ake cewa Bulus ya zauna a ciki, suna tsakiyar tsibirin, sai da mota. Kada ka cusa su cikin yini ɗaya da Baleta. Waɗansu jiragen daga nan suke tashi, nan kuma suke komowa. In naka irinsu ne, ka zo kwana biyu kafin ranar tashi, ka ba Madina yininta. In kuwa tsayawar yini ɗaya ce, wuri uku da ka gani da kyau sun ishe ka labarin da za ka ba jikoki. Sannu ba ta hana zuwa.