Sakajiki a Taskar Intanet

Sanin kowa ne cewa nazari a zamanin da aiki ne na ƙafa. Ɗalibin da ke neman tarihin arewacin Zamfara, wato ƙasar Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, tilas ya niƙa gari ya nufi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna cikin 1970, ya yi kwana da kwanaki yana kwafar takardu da hannu. A yau kuwa mai wayar salula yana iya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana kishingiɗe, ya leƙa maƙalun masana a JSTOR, ya kuma duba hotunan rubuce-rubucen ajami da Jami'ar Boston ta Amurka ta tattara. Wannan ci gaba ne da babu mai musunsa.

To amma akwai wani ɗalibi ɗan Sakajiki da ya ƙuduri aniyar rubuta kundin digirinsa a kan garinsu. Da ya rubuta sunan garin a Google, abin da ya fi yawa cikin sakamakon shi ne labarin hare-haren 'yan bindiga da adadin mamata. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, domin abin da aka ba ta ajiya shi take mayarwa. Ta san Namoda, jarumin Alibawa da ya taka rawa wajen cin Alƙalawa a 1808, ta san shekarar 1929 da jirgin ƙasa ya iso Kaura, har waƙoƙin Narambaɗa na Tubali tana da su. Amma wanda ya sari garin, da asalin unguwanninsa, da salsalar limamansa, duk ba su wurinta. Littafin Kurt Krieger kan tarihin Zamfara ma, na 1959, da Jamusanci aka rubuta shi, fassarar na'ura kuwa ba abar da mai hankali zai kafa hujja da ita ba ce.

Ashe dai taskar da yake nema tana cikin kawunan dattawa da gafakar malaman zaure, ga shi kuwa su ne rashin tsaro ya fi ɗaiɗaitawa. Mai gudun tsira da ransa ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Ita kanta intanet ɗin ba ta da tabbas, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar har makonni da dama, a Oktoban 2023 kuma ɓarayin intanet suka durƙusar da Babban Laburaren Ingila wata da watanni.

Bisa ga haka ɗalibin ya juya akalar aikinsa. Ya naɗi muryar dattawan da suka yarda, ya ɗauki hoton takardu shafi bayan shafi, yana rubuta sunan littafi da mai shi da marubucinsa da ranar ɗauka, domin hoton da ba shi da bayani maraya ne a wurin ma'aikacin laburare. Wannan shi ne tsarin shirin ceto takardu da Babban Laburaren Ingila ya soma a 2004: a ɗauki hoto, a bar asalin a ƙasarsa. Ya ajiye kofi guda a kwamfuta, guda a wurin wani ɗan'uwansa a Gusau, na uku kuma yana shirin miƙa shi ga laburaren sashensu.