Daga Oyingbo Zuwa Ankara: Shirin Kai Yara Hutu Ƙasar Ghana

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, magidantan Hausawa mazauna Ikko abu guda suka sani, watau a tattara uwargida da yara a sa su mota sai Arewa. Wannan kuwa daidai ne, gama yaron da bai san garin ubansa ba abin tausayi ne. Amma akwai wata hanya da ba a cika waiwayarta ba, ita ce ta bakin teku wadda ta miƙe daga Ikko ta ratsa Kwatano da Lome ta dire a Ankara, babban birnin ƙasar Ghana. Tsawonta bai cika kilomita 500 ba, alhali ta Kano ta tasam ma 1,000. A ganina duk magidancin da Allah ya hore wa ya kamata ya bi ta da 'ya'yansa ko sau ɗaya ne, su ga inda kakanninsu fatake suka yada zango.

Shirin daga Oyingbo yake somawa. Tun shekarar 2024 mutumin Agege yana iya hawa jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Agbado ya sauka a Oyingbo ba tare da ya sha azabar cunkoson Oshodi ba. A kasuwar nan uwargida za ta haɗa guzuri. Jibowu kuma, inda manyan motocin Ankara ke lodi, ba ta da nisa. Akwai ƙananan motoci a Mile 2 masu tsayawa Seme, sun fi araha, amma mai yara huɗu da kaya kada ya yarda da sauke-sauke a kowace iyaka. Ya biya mai zarcewa, ya tashi da asuba.

To, sai dai abin da ke ɓata wa mutane tafiya ba kuɗin mota ba ne, takardu ne. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Nijeriya yana shiga Binin da Togo da Ghana ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma kowane yaro sai da fasfo nasa na kansa, har na goye, da kuma katin allurar ciwon shawara. Ana yi wa yaro allurar tun yana wata tara, sau ɗaya ta isa har iyakar rayuwa, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Wanda ya bari sai jajibirin tafiya, ya kuka da kansa.

A nan akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Da wuya ka shiga gidan Bahaushe ba ka tarar da ɗan riƙo ba, ɗan wa ko ɗan ƙanwa, kuma a wurinmu abin kunya ne a bambanta shi da 'ya'yan gida. Ma'aikacin kan iyaka kuwa bai san riƙo ba, sunan da ke cikin takarda ya sani. Hanyar Seme ta yi ƙaurin suna wajen safarar yara, har ma tun 2003 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAPTIP domin yaƙi da fataucin mutane. Saboda haka in ka zo da yaron da sunan ubansa ba naka ba ne, kada ka ga laifin wanda ya tsare ka da tambaya, aikinsa yake yi. Ka riƙe takardar haihuwar yaron, da rubutacciyar yardar iyayensa, da lambar wayarsu. Maƙwabtanmu masu takardun Nijar kuma su fara bincikawa kafin su tashi, don ƙasarsu ta fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025.

Iyaka uku ce a gabanka: Seme, sai Hilakonji tsakanin Binin da Togo, kana Aflawo wadda ke manne da birnin Lome. Kuɗi ma iri uku ne, naira da sefa da sidi. Ƙasar Togo a bakin teku siririya ce ƙwarai, kafin yara su gama ƙirga itatuwan kwakwa an fice. Da ka shiga Togo sai ka mai da agogonka baya da awa ɗaya, ka lura da wannan saboda lokutan salla. Masu bin hanyar sun daɗe suna kukan yawan shingaye, don haka ka ba tafiyar yini guda cur. Af, jakar nan mai ratsi-ratsi da za ka zuba kayan yara a ciki, wadda muke kira Gana-mas-go, ta samo sunanta ne daga korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a 1983, bayan ita ma Ghana ta kori namu a 1969 zamanin Busia. Ka ja kunnen yara kada su yi ta kiran sunan da ƙarfi a Aflawo.

Ladan wahalar yana Ankara. Ka sauka a Nima ko Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, ka ga mamaki a fuskar yaranka sa'ad da suka ji ana ciniki da Hausa a ƙasar da suka ɗauka ta baƙi ce. Hausar ta ɗan sha bamban da tamu, ba ta damu da rarrabe namiji da mace ba, yara za su yi dariya, su ma a yi musu. Da safe ga koko da ƙosai, wanda duk Ghana ke kira kokon Hausa. Shinkafa da wake ita ce ta zama wace, abincin da ƙasar ke alfahari da shi, tuwon zafi kuwa ko suna bai sake ba. Duk wannan gadon fataucin goro ne, tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Goron nan dai shi ne ya tara Hausawa a Agege bayan zuwan jirgin ƙasa. Yaron Agege da yaron Nima jikokin sana'a ɗaya ne, kuma babu littafin makaranta da zai fahimtar da shi haka kamar ya zauna a benci guda da takwaransa suna shan koko. Ran Juma'a a je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

Mai sauran guzuri ya ƙarasa yamma, wajen kilomita 150, zuwa Kef Kos da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482, daga bisani ta zama kurkukun tara bayi kafin a ɗura su a jirgi. Manyan yara su shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su gani da idonsu. Ƙanana dai a bar su a waje da uwarsu, wurin ya fi ƙarfinsu. Kusa da nan akwai kurmin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa, ita ma ba ta mai jiri ba ce.

Watan Agusta ya dace da tafiyar, domin ruwan bakin teku ya fi tsanani a Yuni, a Agusta yakan tsagaita, gari ya yi sanyi-sanyi. Disamba ma ba laifi, sai dai masauki yana tsada a Ankara saboda baƙin ƙarshen shekara. Sauro kuwa babu ruwansa da wata, a tafi da gidan sauro, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, kada a ce sai an koma gida. Tekun wannan yanki yana da igiya mai jan mutum ciki, har gwanayen iyo tana cin su, musamman a Kwatano da Lome. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannunsu cikin na babba.