Zamanin da Ake Buɗe Bayan Rediyo

A Zariyar da na tashi a cikinta, wajejen ƙarshen shekarun 1980, ba a jefar da rediyo don ya yi shiru. Sai dai a naɗe shi a tsumma a kai wa mai gyara, a kuma riƙa leƙawa ana tambayar labarinsa. Ai dole. A cikinsa ake jin Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957, da Muryar Jamus da ta biyo baya a 1963, da Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna a kan mita 49 gajeren zango. Mai shayi yana da nasa, maigadi yana da nasa, Bafulatani ya rataya nasa a kafaɗa yana bin shanu. National, Philips, Sony, Sharp, kowa da irin wanda yake yabo, a cika masa ciki da batir Tiger Head.

Gyara bai taɓa zama sana'ata ba. Aikin koyarwa na yi, da shi na ci abinci. Sha'awa ce kawai ta kai ni rumfar wani dattijo a Tudun Wada tun ina sakandare, kuma har yau ba ta sake ni ba. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: mita mai allura, filaya, sukundireba manya da ƙanana, tsohon burushin haƙori, kwalbar sifirit, da gwangwanayen madara cike da kayan da ya ciro daga matattun rediyoyi. Ƙarfen liƙinsa biyu ne. Ɗaya na lantarki, ɗaya kuma mai kan jan ƙarfe wanda yake turawa cikin garwashin kurfoti idan an ɗauke wuta. Dalmar da muke liƙi da ita haɗi ce, kashi 60 kuza, 40 dalma, tana narkewa kafin zafi ya kai digiri 200, kuma akwai ƙaro a tsakiyarta. Ƙaron nan ne yake tayar da siririn farin hayaki mai ƙamshi da zarar ƙarfe ya taɓa shi. Duk inda na shaƙi ƙamshinsa a yau, rumfar nan nake tunawa.

Abin da ya fi daraja da na samu a wurinsa shi ne tsari. Ranar da ya fara barina na taɓa rediyon mutane, hannuna na rawa na nufi ƙarfen liƙi, sai ya riƙe min wuyan hannu.

"Ɗana, ajiye. Ka tambayi mai shi tukuna?"

"Me zan tambaye shi, Baba?"

"Faɗuwa ya yi, ko ruwa ya taɓa shi? Farat ɗaya ya ɗauke, ko a hankali muryar ta riƙa dusashewa? Wani ya riga mu buɗewa?"

Bayan tambaya sai hanci, domin abin da ya ƙone ba ya ɓoye ƙaurinsa. Sai ido: batir ya yi ruwa ya cinye ƙarfen mazauninsa? Waya ta tsinke? Fanel ya tsage? Sai a auna a ga ko wuta tana shiga. Rediyoyi da yawa a nan labarinsu yake ƙarewa, a kankare tsatsa a mayar wa mai shi abinsa.

Idan duk wannan lafiya lau ne, sai a zo ga dabarar da har yanzu take burge ni. Abin ƙara murya, wanda muke kira bolum, yana da ƙafa uku, kuma a tsakiyar tafiyar sauti yake zaune. Kafin shi akwai ɓangaren da yake kamo tasha daga iska, bayansa kuma ɓangaren da yake ƙarfafa murya ya miƙa wa lasifika. Sai ka buɗe bolum ɗin, ka ɗora yatsa ko bakin sukundireba a ƙafar tsakiya. Idan lasifika ta yi "buuu", rabin rediyon nan lafiyarsa ƙalau, ka koma ɗaya rabin. Idan ta yi tsit, cutar tana tsakanin yatsanka da lasifika. Da taɓawa ɗaya ka yar da rabin wahala. Rabin da ya rage ma ka sake raba shi biyu, ka ci gaba da matsewa har zargi ya tsaya a kan abu guda wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Galibi abin nan taransista ne, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da aka ƙirƙira a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947, wanda ya sa rediyo ya sauka daga kan tebur ya hau kafaɗa. Mita ce take tona asirinsa. Idan na silikon ne kuma yana aiki, za ka ga kimanin bolt 0.6 tsakanin biyu daga cikin ƙafafunsa; tsofaffin na jamaniyam kuwa, irin 2SB56 da ke cikin rediyoyin Japan na da, wajen 0.2 suke nunawa. Allura ta nuna wani abu daban, ka san akwai magana. Su kuma resista da zoben launi ake karanta su: baƙi sifiri, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu, ruwan lemo uku, rawaya huɗu, haka har fari tara. Na haddace su a bakin rumfa, Baba yana ɗago ɗaya-ɗaya daga gwangwani ina faɗin ƙimarsa.

Akwai abin da yake ɓata masa rai ƙwarai. A kan fanel akwai wasu 'yan gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne da ɗan kai mai launi, ja, rawaya, fari, baƙi, da tsaga a tsakiya kamar ta kan sukuru. Duk wanda bai sani ba yana ganinsu zai ce sun kwance, ya kama ɗaurewa. Alhali tun daga masana'anta aka daidaita su. Rediyo yakan juya kowace tasha da ya kamo zuwa zango guda, kilohaz 455, kuma uku daga cikin gwangwanayen nan su ne ƙofofin da aka saita daidai wannan zango. Murɗa ɗaya ya isa ya kurmantar da rediyo mai lafiya. Ga shi abin da ke cikinsu yana da gautsi, sukundireban ƙarfe yana fasa shi. Baba yakan feƙe tsinken roba, ya kamo wata tasha mai rauni can nesa, ya kara kunne, ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har muryar ta fito fes. Idan ya ce "hannu ya riga ya shiga," to mai rediyo ya shirya yin haƙuri.

Gyaran da ba na mantawa da shi na watan Yunin 1993 ne, lokacin da aka soke zaɓen 12 ga wata, kowa kunnensa na kan labarai. A daidai wannan lokaci rediyon Kawu ya yi gum. Ya aiko min da shi gida, tare da saƙon cewa kafin labaran dare yake son abinsa. Batir sabo ne, wuta tana shiga. Na taɓa ƙafar bolum, shiru. Na auna taransistocin murya, duk lafiya. Na cire wayar lasifika na goga mata batir guda, ta yi "ƙas-ƙas", ita ma da ranta. To ina muryar take maƙalewa? Na bi wayar da ido daga fanel, sai na ga ba kai tsaye take zuwa lasifika ba, sai ta ratsa ta ramin abin sauraro na kunne. A cikin ramin akwai wani ɗan harshen ƙarfe da aikinsa shi ne yanke lasifika idan an soka abin kunne, ya mayar da ita idan an zare. Tsatsa ta hana shi komawa mazauninsa. Na kankare shi, na ɗan lanƙwasa shi da bakin allura. Muryar mai karanta labarai ta fashe a ɗakin da ƙarfi, don na bar bolum a buɗe. Ko kwabo ba a kashe ba. Kawu ya juya rediyon gaba da baya, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya sa shi a hammata ya nufi majalisarsu.

Masu wuyar sha'ani su ne masu kawowa su ɗauke. Rediyon da sai an mare shi yake magana, yawanci liƙi ne ya tsage, wani siririn zobe kewaye da ƙafa wanda sai ka karkata fanel wajen hasken rana za ka gan shi. Kondensa mai ruwa a ciki kuwa zafi ne ajalinta. Masu ƙera ta suna lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwananta, ka kuwa san abin da bazararmu take yi wa ɗaki mai rufin kwano. Ƙurar hunturu ta shiga bolum ya riƙa ƙarar yashi, kyankyasai su yi gida a kan taransfoma. Talabijin mai ƙeya kaɗai Baba ya daɗe bai bar ni na taɓa ba, kuma yana da gaskiya: mai kala tana tara bolt wajen 25,000, kuma takan riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket.

Sauyin a hankali ya zo. Da farko aka tattara taransistoci da yawa cikin ai-si guda, wanda shi ma ana iya cire shi a sa wani. Daga baya sai ka buɗe ƙaramin rediyo ka tarar da ɗigon baƙin ƙaro a kan fanel, komai yana binne a ƙarƙashinsa, babu ƙafar da za ka auna balle ka canja. Wayar salula ta shigo gadan-gadan a 2001, kayan ciki suka ƙanƙance, gyara a wurare da yawa ya koma cire fanel a sa fanel. Wannan yana damuna, domin nakan ga an yar da talabijin sukutum saboda kondensa biyu da suka kumbura a ɓangaren wuta. Amma ba zan ce ilimin ya mutu ba. Na tsaya a kasuwar Farm Centre ta Kano na kalli wani matashi yana ɗaga ai-si daga fanel ɗin waya da iska mai zafi, idonsa a madubin ƙara girma, ya bi layin wuta da mita har ya kamo ɗan abin da yake haɗe ta. Tsarin Baba ne sak, hannun ne ya fi namu laushi. A Turai ma sun dawo kan hanyar: tun 2009 aka fara taron gyara na sa-kai a Amsterdam, inda mutane suke kawo kayansu da suka lalace a gyara tare.

Yanzu abin da maƙwabta suke kawo min ya canja: fitila mai caji, fanka mai sola, cajar waya, lasifikar masallacin unguwa. Kafin na sa hannu a duk abin da ake jonawa da lantarki sai na sauke wutar babbar kondensa, don takan riƙe fiye da bolt 300. Tsofaffin rediyoyi kuwa ina sayensu a wurin 'yan gwangwan duk lokacin da na ci karo da su, saboda taransistan jamaniyam ya yi wuyar samu a kasuwa, kuma har yanzu akwai dattawa a unguwarmu da ba su yarda su rabu da National ɗinsu ba.