Dare Guda a Bahar Maliya

Mu mutanen Malbaza ba mu san ɓata ba. Ko a wace gona ka ɗago kai, ko kana kan hanyar Konni, ginin kamfanin siminti na can tsaye yana nuna maka gida. A tsakiyar Bahar Maliya kuwa ido ba shi da abin kamawa. Gabas ruwa, yamma ruwa, ba itace, ba tudu, ba ko hayaƙin girkin wani.

Daga Suwakin ta ƙasar Sudan muka tashi a jirgin ruwa da almuru za mu Jidda, tun kafin yaƙin 2023. Tsohon garin kango ne, gidajen da aka gina da dutsen teku duk sun zube tun da Bur Sudan ta ƙwace masa ciniki. A bakin tasha na ji mai shayi yana Hausa tsantsa, jikan mahajjatan da suka taho da ƙafa suka zaune a hanya.

Jirgin kansa unguwa guda ne, bene kan bene, motoci a cikinsa. Amma da fitilun gari suka ɓace sai ya zama ɗan abu. Iska mai ɗumi da danshi, tana barin gishiri a leɓe, ƙarfen da ka dafa ma yana manne wa hannu. Ƙasan ƙafarka ba ya tsayawa, ya ɗaga, ya sauke, har tuwon jiya ya fara neman hanya. Wani dattijo kusa da ni ya tayar da sallar isha'i a tsaye, ya ƙarasa ta a zaune, alƙibla kuwa sai da muka tambayi ma'aikacin jirgi.

Abin da ya fi damuna, jama'a maƙil, amma kowa shi kaɗai. Hira ta mutu, waya ba ta kamawa. Na leƙa ƙasa, ruwan baƙi ƙirin, na tuna ko mutum ya faɗa babu mai jin ihunsa saboda rurin inji. Wallahi sai na ja da baya.

Gab da asuba lasifika ta sanar an zo daidai miƙati, maza suka miƙe cikin fararen harami, muryoyi suka dawo. Mu da inji da fitila ke nan. Kakanninmu wannan ruwa suka ƙetare a kwale-kwalen katako mai filafilai, in iska ta ɗauke su yi ta zama a tsakiya, ruwan sha yana ƙarewa, ga teku kewaye da su ba ya shawuwa.