Lissafin Mai Inji: Wa Ke Cin Ribar Dajin Zamfara?

Bayan kowane buhun gawayi da aka sauke a Gusau ko Sakkwato, da kowane katako da kafinta ya ɗora a kan bencinsa, akwai wani mutum da ba a cika tambayar yadda ya kwana ba. A bakin masu jawabi ranar bikin dashen itatuwa, sunansa mai kashe daji. A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, mai inji ake ce masa: shi ne ke karɓar kwangilar itace, ya kayar, ya tsaga, ya yi lodi. Ina so mu zauna mu yi lissafin wannan mutum, domin wanda bai san lissafinsa ba, da wuya ya gane abin da ke cinye dajinmu.

Sana'ar tana da hawa uku. A sama akwai dillalin birni, mai kuɗi da mota da rumfa a kasuwar katako. A ƙasa akwai mai itacen, galibi manomi ne da buƙata ta taso masa, ya sayar da bishiya tana tsaye. A tsakiya mai inji yake, da yaransa biyu ko uku. Dillali kan ba shi kafin alƙalami, ya sayi mai da abinci, a kan sharaɗin cewa duk abin da ya fitar nasa ne, a farashin da aka yanke tun kafin a shiga daji. Idan aka kayar da bishiya aka tarar cikinta kogo ne, asarar mai inji ce. Idan mota ta kafe a laka kwana uku, tasa ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dangin mahaifiyata mutanen Damri ne, a ƙaramar hukumar Bakura, kuma a cikinsu na san wannan aiki. Kawuna masassaƙi ne tun yana saurayi. Da gatari da gizago yake aiki, ƙirya guda takan ɗauke shi kwanaki kafin ta zama turame da taɓare. Gajiyar hannu ita ce ta tsare dajin a wancan zamani, don mutum ba ya iya sare fiye da ƙarfinsa. Da inji ya zo, wannan shinge ya faɗi. Abin da gatari ke yi a yini, inji na yin sa kafin shayi ya huce.

Sai dai inji ba ya aikin kyauta. Wanda masu sana'ar suka fi yabo shi ne Stihl, ƙirar Jamus, amma ƙalilan ne ke iya sayen na ainihi. Mafi yawa kwaikwayonsa suke saye, wanda ake shigowa da shi daga Sin, mai araha wajen saye, mai tsada wajen riƙo. Injin ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da man inji, in aka kuskure ma'auni ya ƙone. Sarƙar yankan ma tana buƙatar nata man, kuma da yake na ainihi ya yi tsada, baƙin man da aka juye daga mota ake zuba mata. Itatuwanmu irin su ƙirya da marke da maɗaci masu tauri ne, ga ƙura da rairayi maƙale a ɓawonsu, don haka haƙoran sarƙa ba sa jimawa suke dakushewa. Rabin yinin mai inji a tsugune yake ƙarewa, yana wasa su ɗaya bayan ɗaya. Da wannan inji dai ake tsaga katako, da ido da igiyar da aka shafa wa baƙi, kuma saboda kaurin sarƙar, kaso mai yawa na itacen gari yake zama a ƙasa.

Jiki ma yana cikin abin da ake kashewa. Ban taɓa ganin mai inji a yankinmu da hular kwano ko abin toshe kunne ba. Kawu yanzu sai an ɗaga murya yake ji. Na taɓa ce masa, “Kawu, me zai hana ku huta haka nan?” Ya ce, “Ɗan nan, injin bai gama biyan kansa ba, yaya za a yi ni in huta?”

Wannan amsa ita ce zuciyar maganar. Gatari ba shi da bashi, in ka jingine shi wata guda ba ya cin komai. Inji kuwa bashi ne mai ƙara, kullum yana neman itacen da zai ci. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000 a wurare da dama. Darajar naira ta faɗi, dala ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan gyaran inji daga waje suke zuwa. Mai inji ba shi da ikon ƙara wa dillali farashi yadda ya ga dama. Hanya ɗaya ta rage masa ta cike giɓi: ya ƙara yawan abin da yake sarewa. A daidai lokacin ne kuma tsadar gas da kananzir ta mayar da gidajen birni kan gawayi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu da muke zaune a birni muna Allah wadai, da gawayinsa muke dafa tuwo.

Sai maganar wanda ke iko da dajin. A takarda, hukumar gandun daji ce ke ba da izinin sara, ta karɓi kuɗin shiga. A zahiri, manyan dazuzzuka irin su Sububu a ƙasar Maradun sun daɗe a hannun masu ɗauke da makamai. Wanda ya shiga, ko dai ya biya su, ko ya sayar da ransa. Wanda ya biya kuma ya fito, ana iya kallonsa a matsayin mai kai musu rahoto. Da rikicin ya yi ƙamari a 2021, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya a watan Satumba, makwabciyarta Katsina kuma ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. An yi haka ne don a toshe wa ’yan bindiga hanya, amma inji a jarka yake shan mai, don haka sana'ar ta tsaya cik. A watan Mayun 2022 aka kai wa Damri kanta da ƙauyukan kusa da ita hari, aka kashe mutane da dama.

Mai karatu zai iya cewa to ai daji ya huta. Abin da idona ya gani ya saɓa wa haka. Da dajin nesa ya rufu, inji sai ya juyo gonakin bakin gari, inda ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suke, itatuwan da kakanni suka bari saboda kalwa da man kaɗe da inuwa. Manomin da aka hana noma, ko aka ɗora wa kuɗin fansar ɗan'uwa, ba abin da ya rage masa na sayarwa sai su. Ɗorawar da ta shekara hamsin tana ciyar da gida takan tafi a wuni ɗaya, matan gidan su rasa sana'ar daddawa har abada.

Me ya sa ba a dasa madadinsu? Mutanen wannan yanki suna da dalilin rashin sakin jiki. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, an share gonaki da itatuwan amfani, rigimar diyya kuma ta kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Tun kafin nan, dokar gandun daji ta zamanin Turawa ta riga ta koya wa talaka cewa bishiyar da ke gonarsa ma sai da izinin malamin daji zai taɓa ta. Wanda bai tabbata abu nasa ba ne, ba ya renonsa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wata hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna rage rassa, suna renon mafi ƙarfi. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai aikin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 1992 kuma ƙasar ta kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da yankin dajinsa, ya yanke abin da za a sare, ya riƙe kaso na harajin. Tsarin yana da nasa matsalolin, amma ya ba itace mai shi.

Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma kowace damina ana raba tsirrai. Tsiro ba ya rayuwa da hoton ranar dashe. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne a rubuta a doka cewa itacen gona na manomi ne, a yi wa masu inji rajista a ƙungiya, a ba su izini guda bayyananne maimakon karɓe-karɓen kan hanya, a sama musu bashin da ba na dillali ba, a kuma ɗaura izinin sara da sharaɗin reno. Duk wannan ba zai tsaya ba sai da tsaro. Amma ko gobe aka kori masu makamai daga daji, muddin lissafin mai inji bai canza ba, injin zai koma ya ci abin da suka bari.