Rubutu A Kan Hoto Mai Motsi

Tun da aka fara sa mu ɗaukan darasin gwaji da wayar hannu, aikin da ya fi cin lokacina shi ne sa rubutu a kan hoton. Yankan hoto da jera shi ba wuya. Ko wace manhaja ce ta tace bidiyo, CapCut ko Premiere Pro ko DaVinci Resolve, hanyar kusan ɗaya ce. Za ka zaɓi wurin rubutu, ka buga kalmominka, sa'an nan ka ja su bisa dogon layin nan da a ke jera hotuna, ka miƙe su ko ka rage, gwargwadon daɗewar da ka ke so su yi.

Abin ba sabo ba ne. Kafin shekarar 1927, lokacin da sinima ba ta magana, a kati a ke rubuta zancen 'yan wasa a nuna wa masu kallo. Bambancin kawai, yau ɗan makaranta ya kan yi da yatsa abin da dā sai gwanin zane.

To, ni a ganina wannan rubutu allo ne, kuma dokar allo ce dokarsa. Malaminmu na dabarun koyarwa kullum ya kan ce a rubuta domin yaron da ke bencin baya. A bidiyo yaron bencin baya shi ne mai ƙaramar waya, wadda gilashinta ya tsage. Saboda haka haruffa su yi kauri, farare masu baƙin gefe ko inuwa, don kada su ɓace cikin farar riga. A bar wajen kashi ɗaya cikin goma na kowane gefe ba rubutu. A bar kalmomin su tsaya har mutum ya karanta su sau biyu da babbar murya. Haruffan nan masu tsalle da juyi kuwa, na bar wa masu bidiyon biki.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin zubin haruffa masu ado an zana su ne domin Turanci. In ka buga ƙ, wani zubin ya ba ka akwati fanko, wani kuma manhaja ta aro harafin daga wani zubi dabam, ya fito siriri a tsakiyar ƙattai kamar baƙo a gidan biki. Manyan, Ɓ da Ɗ da Ƙ, su ma sai an duba su, domin take ya kan so manyan baƙaƙe.

Da yawa in sun ga haka sai su cire ƙugiyar su huta. Na ga darasin da aka sa wa take "Tarihin Kasarmu". Bahaushe zai gane ya wuce, ko da ya ke kasa macijiya ce. Amma a nan kwalejin da yawa daga cikin masu koyon Hausa ba da ita aka haife su ba, haka kuma yaran da za su koyar. Abin da su ka gani a rubuce shi za su faɗa, su ce kafa a wurin ƙafa, baki a wurin baƙi. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a Zariya a 1939, da injin da a ke jera masa haruffan dalma. Ban ga dalilin da waya za ta gaza injin Zariya ba.

Magani kuwa kyauta ne. Zubin Noto Sans na Google, da Andika da Charis na SIL, duk suna da su. Kafin in fara aiki na kan buga "Ɗan Ɓaure ya ɗauki ƙaho" da zubin da na zaɓa. In ƙugiya ta fito daidai, sai in ci gaba. In ba ta fito ba, in sake zubi, kome kyansa.