Kuɗin Bincike da Kuɗin Riƙon Gida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan kuɗin da Gwamnati ke ba masu bincike, gama abin ya shafe mu, mu manoman Ikara da Makarfi da Kudan, ko da yake ba a hannunmu ake zuba su ba.

Irin masara da na wake da muke shukawa, waɗanda ake kira SAMMAZ da SAMPEA, daga Samaru suka fito, inda aka kafa tashar gwajin noma a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kafin iri ɗaya ya iso kasuwar Makarfi sai an yi shekaru ana gwada shi. To, cikin shekarun nan wa ke biyan wutar ɗakin sanyi da ake ajiye irin? Wa ke biyan maigadi, da akawu mai riƙe lissafi, da gyaran rufin da ke yoyo? Babu ɗayansu da ake kira bincike, amma in babu su binciken ya tsaya cik. Ni da na tashi cikin masu matse rake na sani, wanda ya ɗauko doki don ya juya masa injin mazarƙwaila, da harawar dokin yake yin lissafi, in ba haka ba kafin azahar ya kwanta.

Ƙasashen Turawa sun daɗe da gane wannan. A Ingila, hukumomin bincike na Gwamnati kan biya jami'a kashi 80 cikin 100 na dukan abin da aikin zai ci, har da riƙon gida. A Amurka kuwa kowace jami'a kan daidaita da Gwamnati a kan nata ƙari, waɗansu har ya haura kashi 50. A Fabrairun 2025 hukumarsu ta binciken lafiya ta ce ta mai da shi kashi 15, jami'o'i suka kai ƙara, alƙali ya dakatar. Abin mamaki, wannan hukuma kashi 8 kacal take ƙara wa makarantun ƙasashen waje irin namu, alhali mu ne ke sayen man janareta.

Saboda haka nake roƙon asusun TETFund, wanda aka yi wa doka a 2011, da sauran masu ba da kuɗin bincike, su yanka wani kaso sananne don riƙon gida, a rubuce, kowa ya san shi. Su kuma shugabannin makarantu su riƙa bayyana inda kason ya shiga kowace shekara, kada a ce na ɗakin gwaji ne a same shi a motar ofis. Wassalam.

Naka,
Wani manomin rake, Makarfi.